Sarƙar taya: yadda take cizon ƙanƙara, da inda za ta yi mana rana a taɓon damina

Idan aka buɗe but ɗin wasu motocin da ake shigowa da su daga Turai, akan tarar da wata 'yar jaka mai nauyi kusa da safayar taya. A cikinta sarƙoƙi ne guda biyu a cukurkuɗe, da ƙugiyoyi masu jan fenti da ruwan ɗorawa. Mai motar ya jujjuya, ya rasa gane kanta, ƙarshenta a ɗaure injin ban-ruwa da ita a bakin fadama saboda ɓarayi. Sarƙar taya ce, wadda ake ɗaura wa mota a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanya. Mu a Ringim ko Kafin Hausa ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a waya, sanyin hunturunmu duk tsananinsa bai isa ya daskarar da ruwan randa ba. Amma abin da ke sa sarƙa ta kama ƙanƙara shi ne dai ke raba motar da za ta fita daga taɓo da wadda za ta kwana a ciki. Ga kuma tayoyin Beljiyam da ke ƙafafun motocin hayarmu, da yawansu don wancan sanyin aka ƙera su.

Duk girman ƙaramar mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace ƙafa bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Ja da birki da shan kwana, duk ta wannan ɗan fili suke bi. Injiniyoyi suna auna riƙon da tambaya ɗaya: idan aka ɗora wa taya nauyin kilo 100, ƙarfin kilo nawa za a sa kafin ta zame? A busasshiyar kwalta amsar takan kai 70 zuwa 80, wani lokaci fiye. A kan dusar da motoci suka tattake ta danne, 20 zuwa 30 ne. A kan ƙanƙara tsantsa, wajen 10. Idan aka buga lissafi a kan gudun kilomita 50 a awa, motar da za ta tsaya cikin mita 12 a kwalta tana buƙatar kusan mita 50 a dusa mai santsi, a ƙanƙara kuwa kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo ke nan ƙafarka na kan birki. Hawa ma haka. Mota mai jan gaba a kan ƙanƙara, hawan da ke tashi mita 6 a kowace mita 100 ya isa ya tsayar da ita tana wulwula taya a wuri ɗaya, duk ƙarfin injinta.

Ƙanƙara ta fi santsi lokacin da sanyi ya yi sauƙi. Idan zafin gari yana dab da sifili, wani siririn ruwa yakan kwanta a samanta, gugar taya kuma ta ƙara narkar da ita, sai mota ta zama kamar mai silifas a kan jiƙaƙƙen siminti da aka zubar wa sabulu. Idan sanyi ya yi tsanani, kamar digiri 20 ƙasa da sifili, ruwan nan yakan ragu, roba ta ɗan samu abin kamawa.

Hanyoyi biyu aka bi wajen maganin wannan, kuma ba aiki iri ɗaya suke yi ba.

Ta farko ita ce gyara tayar kanta. Kamfanin roba na ƙasar Finlan, wanda yau aka sani da Nokian, ya fitar da tayar hunturu ta farko a 1934 don manyan motoci, a 1936 ya yi ta ƙanana mai suna Hakkapeliitta. Roba ta yau da kullum tana fara ƙandarewa idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta daina lanƙwasa tana shiga ƙananan ramukan hanya. Ta hunturu an haɗa ta yadda za ta zauna da taushinta a cikin sanyi. Sannan an yi wa kowane gunkin zanenta tsage-tsage sirara masu lanƙwasa, kamar an bi da reza. Taya na taka ƙasa sai tsagar ta buɗe baki, gefenta ya kankare ruwan da ke kan ƙanƙarar, ya kama abin da ke ƙasa. Manyan ramukan zanen kuma su cika da dusa, kuma haka ake so, don dusa ta fi kama 'yar'uwarta dusa, kamar curin fura biyu idan aka matse su. Shi ya sa tayar hunturun da ta suɗe ba ta da amfani ko robarta na da taushi. A Ostiriya, idan zurfin zanenta ya gaza milimita 4, doka ba ta ɗaukarta tayar hunturu.

Duk da haka, roba gogayya take yi. Tana lallaɓar saman hanya ne, ba ta huda shi.

Sarƙa kuwa cizo take yi, kuma ta girmi tayar hunturu da shekara 30. Wani Ba'amurke mai suna Harry Weed, daga garin Canastota a jihar New York, shi ya yi rajistar ƙirƙirarta a 1904, lokacin da direbobi ke naɗa igiya a taya don fita daga laka da dusa. A duba lissafinta. Ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,200, kowace ƙafa na ɗauke da wajen kilo 300. Da iska 32 a ma'aunin mai faci, nauyin nan yana baje a kan fili mai kimanin murabba'in santimita 130. Idan sarƙa ta shiga tsakanin taya da ƙanƙara, kaso mai yawa na nauyin yakan taru a kan 'yan zobban ƙarfe uku ko huɗu, filin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ka dafa jiƙaƙƙiyar ƙasa da tafin hannu, sannan ka danna ta da ɗan yatsa ɗaya, za ka ga bambancin. Zoben ya nutse, ya fasa saman ƙanƙarar, ya yi wa kansa gurbi. Daga nan taya ba za ta zame ba sai ta ɓantare ƙanƙarar da ke gaban ƙarfen. Siririn ruwan nan da ke kayar da roba bai dami ƙarfe ba, ratsa shi yake yi ya wuce. A dusa mai zurfi kuma sarƙa tana wani aikin, tana kwasar dusar tana turawa baya kamar filafilin kwale-kwale, tana tono har ta kai ga tauri.

To idan aka ɗora sarƙa a kan tayar hunturu, riƙon biyu haɗuwa suke yi? Ba kamar yadda ake zato ba. Inda ƙarfe ya taɓa ƙasa, ya ɗage robar da ke kewaye da shi, tsage-tsagen nan ba sa aiki a wurin. Wato sarƙa tana karɓe wani ɓangare na aikin ne daga hannun roba. Inda ƙarfe zai iya nutsewa, cinikin da riba: dusa mai zurfi, hawan dutse, ƙanƙarar da ta fara jiƙewa, a nan sarƙa ta yi wa tayar hunturu zalla nisa wajen tashi da hawa da tsayawa. Inda ba zai nutse ba, faɗuwa ce. A kwaltar da aka share, ko mai 'yar dusa shafe-shafe, ƙarfe sulɓi yake yi, birki ya ƙara nisa, mota ta riƙa karkarwa, sarƙar ta cinye cikin 'yan kilomitoci, ta kuma ɓata hanya. Haka ƙanƙarar tsananin sanyi, tauri take ƙarawa, zobe mai zagayayyen jiki yakan kasa shigarta sosai. Don haka ake yin sarƙa mai zobba masu kusurwa huɗu, ko wadda aka walda wa 'yan haƙora masu siffar V, irin ta manyan motoci da taraktocin daji.

Saƙar sarƙar ma magana ce. Tsohon yayi shi ne mai kama da tsani: sarƙa biyu a gefe da gefe, gajerun sarƙoƙi sun gitta taya a jere. Tana da arha, tana da ƙarfin ja, amma tsakanin wannan gitta da wancan akwai fili, saboda haka riƙon zuwa yake yana ɗaukewa, kama, saki, kama, saki. Idan taya ta kulle a birki ta tsaya daidai kan filin nan, roba ce kawai a ƙasa. Kuma da yake duk ƙarafan a gicciye suke, ba sa hana mota zamewa ta gefe a kwana ko a hanyar da ta karkata. Mai saƙar raga, wadda ke zuwa kusurwa-kusurwa kamar ragar kamun kifi, kullum akwai ƙarfe a ƙasa, tana riƙe gefe, ba ta jijjiga sosai, ta kuma fi jituwa da birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Ga ƙaramar mota ita ce zaɓi. Tsani na lodi ne da gona.

Wace ƙafa ake sa wa? Wadda ke ja. Golf da Sharan da J5 masu jan gaba ne, Kanta da Hilux baya suke ja idan ba a sa giyar da ke sa ƙafa huɗu duk su ja ba. Amma a nan hatsari yake ɓuya. Mota mai jan gaba da aka sa wa sarƙa a gaba kawai, gabanta ya kama ƙasa ƙam, bayanta na kan santsi. A gangare, direba na taɓa birki gaba zai tsaya, baya ya ce bai san zancen ba, ya zagayo ya wuce. Mai jan baya da sarƙa a baya kawai, za ta hau tudu lafiya, amma a kwana sitiyari zai juya mota ta miƙe abinta. A nan ne tayar hunturu ke biyan kuɗinta ko da an sa sarƙa, don ƙafafun da ba su da ƙarfe, robarsu ce kaɗai madogara. Wanda ya ɗora sarƙa biyu a kan tayoyin yau da kullum huɗu ya sayi ƙarfin tashi ne, bai sayi ikon sarrafa mota ba. Kuma ƙafa huɗu na taimakon tashi ne kawai, a birki duk mota ƙafa huɗu gare ta.

Dokokin ƙasashen sanyi sun bi wannan fahimtar. A Turai, allo mai zagaye shuɗi da hoton taya sanye da sarƙa yana nufin daga nan sai da sarƙa. A Jamus, mota mai sarƙa ba ta wuce kilomita 50 a awa. A Faransa, tun 2021, a wasu yankunan duwatsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, dole mota ta kasance da tayoyin hunturu ko tana ɗauke da sarƙa. A Ostiriya motocin lodi da suka wuce tan 3.5 suna yawo da sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu. A Kalifoniya ta Amurka dokar sarƙa mataki uku ce, na ukun ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, har mai ƙafa huɗu da tayar hunturu sai ya ɗaura. Samarinmu da ke neman aikin tuƙin manyan motoci a waje, wannan na cikin abin da ya kamata su sani.

Ɗaurawar ba wuya, amma kuskure kaɗan ke jawo asara. Da farko lambar sarƙa ta dace da lambar da ke gefen taya, kamar 195/65 R15. Wadda ta yi yawa za ta riƙa dukan bodi, wadda ta yi kaɗan ba za ta rufe ba, kuma ba a sace iskar taya don a cusa ta. Sai a zura hannu bayan taya a ji sararin da ke tsakaninta da shokazoba da tiyon birki. Mafi ƙarancin sararin da ma'aunin Amurka ya yarda da shi ga ƙananan motoci shi ne milimita 37 a saman taya da 15 a gefen ciki. Sarƙoƙin ƙananan motoci sukan zo da kaurin milimita 9 ko 12, akwai na 7 don motoci masu ƙuncin wuri. A tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu. A baje sarƙar a ƙasa a warware duk wani murɗi, don zoben da ya murɗe shi ke fara tsinkewa. Bakin ƙugiyoyi ya kalli waje, kada ya kalli roba, in ba haka ba zai yi ta cin gefen taya. A zagaya da wayar da ke riƙe da gefen sarƙar ta bayan taya, a haɗa ta a sama, a jawo ragar ta rufe fuskar taya daidai ta kowane ɓangare, a ɗaure ciki kafin waje, a ja abin ɗaurewa, a maƙale ragowar jelar kada ta yi lilo. Sannan a tuƙa mita 50 zuwa 100, a sauko a sake ja. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali sarƙa sai ta zagaya take zama, ta saki jiki.

Sako-sakon sarƙa, idan taya ta ɗauki gudu, buɗewa take yi tana dukan madigadi. Idan gitta ɗaya ya tsinke, ya zama bulalar ƙarfe: ya fasa robar cikin madigadi, ya tsinke wayar ABS, mafi muni ya yanke tiyon man birki. Da an ji ƙaf-ƙaf-ƙaf a tsaya nan take, a ɗaure guntun da waya ko a cire sarƙar. Babban mai tsinka ta kuwa shi ne wulwula taya. Ƙafa na juyawa da gudu a santsi, kwatsam ƙarfe ya kama tauri, duk ƙarfin ya sauka kan zobe ɗaya ko kan shaf. A tashi da giya ta biyu, totur kaɗan-kaɗan, a sauka gangare da ƙaramar giya.

Yanzu mu dawo gida. A watan Agusta, a hanyoyin da ke fita daga fadamun Auyo da Miga da Guri, akwai wata laka baƙa mai danƙo. Ruwan dare ɗaya ya jiƙa samanta kamar kaurin yatsa biyu ko uku, ƙasanta kuwa tauri kamar daɓe. Ga Kanta ta ɗauko buhuna, ta zo ɗan hawan da zai fitar da ita kan burji. Lakar ta cike zanen taya tas, taya ta koma sumul kamar gindin tulu. Yaron mota na gefe yana ihu, "Oga, ba ta wuta!" Oga ya taka totur, taya ta yi ta fetsa laka, bayan mota ya fara gocewa wajen kwari. Wannan ƙanwar ƙanƙara ce: santsi a sama, tauri a ƙasa. Nan ne gidan sarƙa. Ƙarfe zai ratsa santsin ya ciji taurin, kuma da yake sarƙa na motsi a jikin taya, tana kakkaɓe lakar da kanta a kowane zagaye. Masu aikin katako da manoma a ƙasashe da dama don laka suke ɗaura ta, ba don dusa ba. A motar lodi mai tagwayen tayoyi a baya, ko ta waje kaɗai aka sa wa a kowane gefe, za a ga canji.

Amma sai an san zurfin taɓon. A soka sanda tukuna. Idan ta shige har kamu biyu ba ta taɓa tauri ba, sarƙa kabari za ta haƙa wa motar, da sauri ma fiye da taya zalla, har aksil ya zauna a ƙasa ƙafafu su rataye. Nan maganin itace ne da duwatsu da jak, ko a rage lodi, ko a nemo tarakta.

A yashi kuwa kada ma a fara. Mu 'yan Jihar Jigawa, wadda sunanta ma daga jigawa ya samo asali, mun san rairayin hanyoyin ƙauyukan Maigatari da Birniwa. Yashi ba shi da tauri a kusa da za a ciza, duk abin da ya tona shi nutsewa zai yi. Abin da ake so akasin aikin sarƙa ne, a baje nauyi maimakon a tara shi. A rage iska zuwa wajen 18 ko 20, taya ta shimfiɗa ciki, a tafi a hankali ba tare da yanke kwana da ƙarfi ba, don tubules na iya sakin bakin rim idan iska ta yi ƙasa sosai. Da an hau kwalta a nemi mai faci a mayar da iskar, tayar lodi mai ƙarancin iska zafi take ɗauka ta fashe.

Masu walda za su iya haɗa irin ta tsani, kuma a taɓo za ta yi aiki. Sai dai sarƙar kasuwa ƙarfe ne mai taushi, ta kamfani an ƙona samanta ya yi tauri, don haka ta gida za ta riƙa miƙewa tana cinyewa, sai ana dubawa a kai a kai. A bar ta ga ƙafar bayan motar lodi ko tarakta, inda akwai sarari. Kada a gwada ta a gaban Golf, tiyon birki na nan kusa. Ana fita taɓo a cire, a wanke, a shanya, a shafa mata baƙin mai kafin a mayar jaka, in ba haka ba damina mai zuwa dunƙulen tsatsa za a tarar.

Saura tayar hunturun da ke shigo mana a matsayin Beljiyam. Tana da farin jini wurin masu saye, don zanenta zurfi gare shi, ga taushi idan an danna da yatsa. A duba gefenta. Idan akwai hoton dutse mai ƙololuwa uku da tauraron dusa a ciki, ta hunturu ce ko ta duk-yanayi da aka gwada a dusa. Idan zanen ya cika da siraran tsage-tsage kuma an rubuta Winter ko Snow ko Ice, babu tantama. Haruffan M+S kaɗai ba sa nuna haka, ana samunsu a tayoyin Hilux na yau da kullum. Robar da aka haɗa don ƙasa da digiri 7, a ɗora ta kan kwaltar Gumel a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ga fasinja ga buhuna a kan but: laushi take ƙarawa, gunkin zanen ya riƙa lanƙwashewa, birki ya yi nisa, mota ta riƙa iyo a kwana, taya ta cinye da wuri. A taɓo ma ba ta tsinana abin kirki, siraran tsagar nan laka ke toshe su tun zagayen farko. Kusa da rubutun DOT a gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 3517 na nufin mako na 35 a 2017. Masu ƙera taya da kansu sun ce wadda ta shekara 10 a sauke ta ko zanenta bai taɓu ba, kuma zafi irin namu ya fi saurin tsofar da roba.